Maharazu, Ni Na Rubuta "Ba a Sani Ba"

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne mu duka, wannan karon kuma Maharazu Ya kira.

Ranar Talata, tara ga watan Fabrairu, 2021, wadda ta yi daidai da ashirin da bakwai ga Jimada Sani, 1442, da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Maharazu Bawa Yelwa a wani asibiti a nan Dubai, bayan kwana goma sha tara yana fama da ciwon ƙirji. Shekararsa hamsin da huɗu. Ya bar matarsa, Malama Sabuwa, da 'ya'ya biyar a Yawuri. Washegari, da aka gama takardu, muka kai shi maƙabartar Al Qusais bayan azahar. Saboda dokar korona mutane kaɗan aka yarda su shiga. Mu takwas ne muka tsaya a kansa, kowa da takunkumi, kowa nesa da ɗan'uwansa.

Sunana Ɗalhatu Garba, mutumin Ringim. Ni ne akawun gonar kifin da marigayi ya yi wa aiki shekara huɗu a bakin teku, can bayan gari. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba. Tun ina aji uku a sakandare nake rubuta abin da ya faru kowace rana a littafi, kuma daga littattafan nan na ciro ranakun da za ku gani. Wannan ne karo na uku da na zauna rubuta ta'aziyyar nan. Biyun farko na yage su, domin yabo ne zalla, kuma ba yabo yake bukata daga gare ni ba. Malam Maharazu, ka rasu ana kiran ka ɓarawo a unguwar Naif ta nan Dubai, ana kuma raɗa shi a Yelwa. Takardar da aka dogara da ita aka faɗi haka, rubutun hannuna ce.

Na fara ganinka ranar Litinin, huɗu ga Satumba, 2017, ranar da na kama aiki. An ce in bi wata siririyar gada ta ƙarfe da ta ratsa tsakiyar tafki in karɓo lissafin kifi. Ni ban iya ruwa ba, har yau ma ban iya ba. Na kai tsakiya, ƙafafuna suka ƙi gaba suka ƙi baya. Mutane suna ta dariya da harsuna kala-kala. Sai na ji an ce da Hausa, a hankali: "Akawu, kada ka kalli ruwan. Kalli hular nan tawa." Ka tsaya a ƙarshen gadar kana tafiya da baya, ni kuma ina bin hularka da ido har na taka ƙasa. Ba ka taɓa ba wa kowa wannan labarin ba. Wata uku kana jira na a bakin gadar kowace safiya, kana yi kamar kana gyara igiya, har na saba.

Ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Al Warsan, ni da kai da Mukaila, mutumin Zangon Kumasi mai tuƙa motar kamfani. Kowace Juma'a, ranar hutunmu, kai ne ke tuƙa tuwon masara da miyar kuka, da busasshen kifin da matarka, Maman Saratu, take aiko maka ta hannun 'yan kasuwa. Ba mu uku kaɗai kake dafa wa ba. Kana cika wata shuɗiyar kula, ka ɗauka a kafaɗa, ka kai Naif wa 'yan'uwanmu masu ɗaure kago, wato kayan 'yan kasuwa da ake aikawa gida, waɗanda sukan yi wata ba su ga tuwo ba. Mukaila yakan tsokane ka: "Massa, miyar nan gishirinta ya fi na teku. Ko da ruwan aiki ka haɗa?" Kai kuma ka ce, "Ci ka yi shiru, Bagwanje. Wanda ya girma da kenke bai isa ya duba miyata ba." Shi ba Bagwanje ba ne, ka sani, shi ma ya san ka sani. Lokacin da mahaifiyarsa ta rasu bai samu zuwa gida ba, kai ne ka tara mutane goma sha ɗaya a ɗan ɗakin nan aka yi mata addu'a, ka kuma zauna da shi kwana uku ba ka bar shi ya ci abinci shi kaɗai ba.

Aikinka shi ne tafki na huɗu. Ga waɗanda ba su san wurin ba: ana ƙyanƙyashe 'ya'yan kifi a cikin gini, kifin da Larabawa ke kira subaiti. In sun kai tsawon yatsa sai a turo su ta wani babban bututu zuwa tafkin waje, su saba da ruwan teku kafin a kai su keji. An rufe tafkin da raga, sai dai wajen bakin bututun an bar fili kamar faɗin ɗaki biyu, saboda hannun injin da ke wucewa ta nan. A wannan filin ruwa yake faɗowa da ƙarfi yana kumfa.

Da sanyi ya shigo sai tsuntsaye su zo. Akwai zalɓe, akwai fararen tsuntsayen teku masu ihu, amma babbar masifar ita ce wani baƙin tsuntsu mai dogon wuya, mai nutso, wanda mutanen ƙasar nan ke kira loh. Dubbai suke zuwa, su kwana a kan duwatsun da aka jera don tare igiyar ruwa, tafiyar minti ashirin daga gonar. Kai kaɗai aka ba aikin korar su, da gwangwanaye a igiya da muryarka. An taɓa kawo shawarar a sa musu guba, ka ce a nemi wani, kai ba za ka yi ba. Ka ce yunwa ce ta kawo su, kamar yadda ta kawo mu.

Kai Basarke ne, ɗan gidan masunta, a cikin jirgi aka yaye ka. Ka sha ba mu labarin shekarun da kuka yi kuna su a ƙasan madatsar Kainji, kai da mahaifinka. Ka ce kifin da ruwa ya ja ya bi da shi ta wajen injinan lantarki, in ya fito da rai, yakan ɗan jima yana jiri a saman ruwa, bai san gabas ba bai san yamma ba. Tsuntsaye sun san wannan, a nan suke taruwa su jira. Ranar da ka fara ganin bakin bututun tafki na huɗu ka ce, "Wannan ai Kainji ce ƙarama."

A 2018 kamfani ya ɗauko wata Baturiya, masaniyar kifi, don ta kula da ɗakin sanyin da ake gwada kiwon kifin salmon. Na yi muku tafinta ranar da ka gaya mata maganar Kainji, da ɗan Turancina na sakandare. Ta ajiye abin da take yi ta zauna. Ta ce a ƙasarsu haka yake: 'ya'yan salmon suna gangarowa daga kogi za su teku, sai su bi ta madatsun lantarki, su fito a rikice, tsuntsaye na jiran su a ƙasa. Ta nuna maka hoton a wayarta, ka daɗe kana kallo, ka ce, "Ashe tsuntsun Turawa ma ya yi makaranta ɗaya da namu." Ita ce ta kawo tsarin sa wa kifi lamba. A cikin kowane hamsin akan ɗauki ɗaya a sa masa wata 'yar ƙwaya ta gilashi a ciki, kamar ƙwayar shinkafa, mai ɗauke da lambar da na'ura ke karantawa. Ta ce a can, in suna so su san abin da tsuntsaye suka ci, sai su je inda suke kwana su nemi ƙwayoyin a ƙasa, tunda cikin tsuntsu ba ya narkar da gilashi. Ku biyu kun nemi a nutsar da bakin bututun ƙarƙashin ruwa, ko a rufe filin. Aka ce za a duba. Da korona ta zo ta koma ƙasarsu, ba ta dawo ba. Na'urar karanta lambar aka bar ta a ofishina, makulli a hannuna.

Yanzu na zo inda nake ta kewayewa.

Kowace rana ina cike fom na kifin da aka rasa. Layi uku ne a fom ɗin: ciwo, tsuntsu, da ba a sani ba. Ni kuma ina da wata ƙa'ida da nake alfahari da ita tun ina yaro, cewa ba na rubuta abin da ban gani da idona ba. Don haka nakan tsaya a kan gadar da safe, in na ga tsuntsu ya taso da kifi a baki in ja layi ɗaya. Wata rana bakwai, wata rana goma sha biyu. Sauran giɓin da ya fito a ƙidayar mako, sai in zuba shi a layi na uku.

Ka yi mini magana ranar goma sha tara ga Oktoba, 2020. Na rubuta ta a littafina a ranar, ga ta kamar yadda ka faɗa: "Akawu, wanda ka gani a baki shi ne ya yi gardama. Ƙananan tun a ƙarƙashin ruwa ake haɗiye su. Ka rubuta tsuntsu." Na ce, "Yaya, ban gani ba. In an tambaye ni hujja fa?" Ka ce, "To, rubuta abin da ranka ya kwanta da shi." A ƙasan wannan, da jan biro, na rubuta wa kaina: wataƙila yana da gaskiya, a sake dubawa. Ban sake dubawa ba.

Daga farkon Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, fom ɗina ya nuna tsuntsu ya ci ɗari huɗu da 'yan kai. Layin ba a sani ba ya nuna dubu ashirin da ɗaya. Duk wanda ya kalli takardar zai ce ba tsuntsu ba ne. Manaja ya kalla, haka ya ce. Ya tambayi wa ke fara buɗe tafkin da asuba, aka ce kai. Mai gadi, wanda ke zaune kusa da mu a Al Warsan, ya ƙara da cewa yana ganinka da shuɗiyar kula kowace Juma'a. Wani ya ce akwai ƙananan gonaki a cikin sahara masu sayen 'ya'yan kifi ba tare da tambaya ba. Ba a buɗe kular ba, ba a tambayi abin da ke ciki ba.

Ranar Lahadi, goma sha biyar ga Nuwamba, aka kira mu ofis. Ka yi bayanin tsuntsu mai nutso, ni ina fassarawa. Manaja ya ɗaga fom ɗin ya tambaye ni: "Wannan rubutunka ne? Daidai ne?" Na ce daidai ne, abin da na gani ke nan. Ban yi ƙarya ba. Na daɗe ina riƙe da wannan, cewa ban yi ƙarya ba. Amma akwai jimla ɗaya da ta rage, ita ce: na gani kaɗan ne, shi ya fi ni sanin ruwa. Tana bakina, na haɗiye ta, saboda bizata a hannunsu take kuma saura wata huɗu a sabunta. Ya ce ba zai kira 'yan sanda ba saboda shekarunka, amma khalas, aikinka ya ƙare. Ka miƙa katin shiga, ka ce da ni, "Akawu, ka kula da gadar nan, ƙarfen tsakiya ya fara motsi."

Ka kwashe kayanka daga Al Warsan ka koma Naif, inda Alhaji Dikko, wani mai kago ɗan Katsina, ya ba ka gado da aikin ɗaure kaya, yana nema maka takardar zama. Allah Ya saka masa. Amma a Naif magana ba ta kwana. Waɗanda suka ci tuwon kular nan, wasunsu su ne suka fara cewa dama sun yi mamakin inda kake samun kifi. 'Yan kasuwa suka hau jirgi da maganar, ta sauka Kano, ta kama hanyar Yawuri.

Abin da ka yi bayan nan, daga bakin Mukaila na ji shi, domin shi ke sauke ka a hanya in ya fita kai ma'aikatan Juma'a. Ka sayi rariyar tankaɗe gari, da bokiti, da ƙaramin shebur. Juma'a shida a jere, daga fitowar rana zuwa lokacin masallaci, kana kan duwatsun da tsuntsayen ke kwana. Ni na taɓa zuwa kusa da wurin sau ɗaya. Kashin tsuntsu ya yi kauri har ya rufe dutsen fari fat, wari na shiga ido, ga gawarwakin tsuntsaye da ƙayoyin kifi, in iska ta taso ƙurar sai ta shiga maƙogwaro. A nan kake durƙusawa, ka kankaro, ka murtsuke da hannu, ka tankaɗe, kana neman abin da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Mukaila ya ce ya roƙe ka: "Massa, bar wannan abu. Allah Ya san ba ka ɗauka ba." Ka ce masa, "Allah Ya sani. Saratu ce ba ta sani ba, ita da ƙannenta."

Ranar Juma'a, ashirin da biyar ga Disamba, bayan la'asar, ka zo Al Warsan. Ka rame, kana tari. Ka fito da wata kwalbar magani daga aljihu, an wanke ta, cike da ƙwayoyin gilashi har wuya. Ka ce, "Ɗari da tamanin da bakwai ne. Ka sa su a na'urarka, in namu ne ka gaya wa manaja. In ba namu ba ne ka zubar, ba komai." Ba ka yi mini gori ba, ba ka ambaci fom ba. Ka ma tambaye ni ciwon bayana. Na ce in sha Allahu cikin makon nan.

Kwana arba'in da shida kwalbar nan ta yi a cikin akwatina, a ƙarƙashin littattafai, har ka rasu. Na duba abin da na rubuta a waɗannan kwanaki, kuma kunya ta hana ni kwafe shi duka. Ranar ashirin da takwas: na'urar tana ajiye duk abin da aka karanta da ita, za a tambaye ni dalili. Ranar uku ga Janairu: a bari a sabunta biza tukuna. Ranar goma: in lambobin ba namu ba ne fa, na ƙara masa ciwo. Dalili na gaskiya ban rubuta shi ko sau ɗaya ba. In lambobin namu ne, to fom ɗina na wata biyu kuskure ne, kuma ni na kori mutum.

An kwantar da kai ranar ashirin da ɗaya ga Janairu. Ba a barin masu dubiya. An gwada korona sau biyu ba a samu ba, likita ya ce huhu ne. Ko ƙurar duwatsun nan ce ta kama ka, ko wani abu ne dabam da Allah Ya rubuta, ban sani ba, kuma ba wanda ya ce da ni ita ce. Amma ba ranar da ba na tambayar kaina. Mun yi waya sau biyu. Na biyun ba ka iya dogon zance, ka ce, "Akawu, kwalbar?" Na ce ina kan dubawa.

Bayan mun dawo daga maƙabarta na kira Yelwa don in yi gaisuwa. Aka ba Malama Sabuwa wayar. Ta amsa gaisuwa yadda ake amsawa, sannan ta ce, "Malam Ɗalhatu, an ce kai ne mai rubutu a wurin. Mata suna shigowa gaisuwa suna kallon ƙasa. Gaya mini tsakaninka da Allah, ya ɗauka?" Na ce, "Maman Saratu, ki ba ni kwana biyu." Sai ta ce, "Shekara uku kuna cin tuwo a kwano ɗaya, sai ka yi kwana biyu kafin ka sani?" Ta miƙa wa wani wayar.

Ranar Alhamis, goma sha ɗaya ga wata, da tsakar rana, na buɗe na'urar a gaban Mukaila da wasu ma'aikata biyu, domin kada in sake zama shaida ni kaɗai. Ɗaya bayan ɗaya muka karanta. Shida sun fashe, ba su karantu ba. Ɗari da tamanin da ɗaya sun karantu, kuma dukkansu lambobin tafki na huɗu ne, na kifin da aka turo tsakanin Oktoba da Nuwamba. Kowace ƙwaya tana wakiltar kifi hamsin. Wato fiye da dubu tara, a gefe ɗaya na duwatsun, abin da mutum ɗaya ya iya tankaɗewa da rariyar gari a safiya shida. Sauran suna can a cikin kashin da bai kai gare shi ba, ko a cikin teku.

Ranar Lahadi na kai wa manaja jerin lambobin, da kwalbar, da takardar da na rubuta cewa fom ɗina kuskure ne. Ya karanta har ƙarshe. Ya ce, "Mutumin ya mutu, habibi. Me kake so in yi?" Na ce wasiƙa nake so, layi biyu, cewa ba a same shi da sata ba, in aika wa iyalinsa. Ya ce zai yi magana da na sama. Jiya Litinin na ga masu walda suna nutsar da bakin bututun, wasu suna jan raga a kan filin. Ba wanda ya ambaci sunanka. Wasiƙar ba ta fito ba, kuma ban san ko za ta fito ba. Ban san ko za a sabunta mini biza bayan wannan rubutun ba. Ba zan jira ko ɗaya daga cikinsu ba.

Maman Saratu, ga amsar da ya kamata in ba ki tun a waya, ba tare da na'ura ba: bai ɗauka ba. Ko kifi ɗaya mijinki bai ɗauka ba. Tsuntsaye ne suka ci, ya faɗa tun da wuri, ni na ƙi rubutawa. Ina roƙon Alhaji Dikko ya karanta wannan a Naif a gaban masu ɗaure kago, ina kuma roƙon duk wanda ya kai waccan maganar Yawuri ya kai wannan, a karanta ta a ƙofar gidan da ake zaman makoki, da sunana a jiki. Saratu, ke da ƙannenki ku ɗaga kanku. Ban ce ku yafe mini yau ba. Wanda ya fi cancanta in roƙa ya tafi, kuma maganar da ya ji daga bakina ta ƙarshe ita ce ina kan dubawa.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Maharazu. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya masa ƙirjin da ya sha wahala. Ka sa haƙurin da ya yi da mu ya zama nauyi a mizaninsa, Ka wanke shi a gaban halitta ranar da ba a ɓoye komai. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Sabuwa da 'ya'yanta biyar, da 'yan'uwansa Sarkawa na Yelwa, da Mukaila, da Alhaji Dikko, da duk Hausawan Dubai da suka san shi. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari, Ya tsare musu mutuncin ubansu. Mu kuma da muka rage, Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun mai ita yana da kunnen ji. Amin.

Ɗalhatu Garba Ringim
Al Warsan, Dubai
Talata, 16 ga Fabrairu, 2021